Tekunan Ƙanƙara na Ƙuryoyin Duniya: Abin da Yarjejeniyoyi Suka Kare da Abin da Ya Gagare Su

A garin Keta da ke gabashin gaɓar tekun Ghana akwai kufan wata ganuwa mai suna Prinzenstein, wadda Turawan Danmak suka gina a shekarar 1784, kuma teku ya riga ya cinye babban ɓangarenta. Danmak ɗin nan ita ce har yau tsibirin Girinlan yake ƙarƙashin masarautarta, tsibirin da ke ɗauke da ƙanƙarar da, in da za ta narke gaba ɗaya, ruwan tekunan duniya zai tashi da kimanin mita 7. Zaizayar Keta tana da dalilai na gida, tun daga madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965, wadda ta tare yashin da kogin Volta yake kawowa bakin teku, har zuwa ɗibar yashi da ake yi domin gini. Sai dai a kan waɗannan dalilai akwai wani da yake zuwa daga nesa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa teku ya tashi da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin tashin yana ƙaruwa. Wani kaso mai yawa na wannan ruwa ƙanƙara ce da ta narke, kuma shi ya sa mazaunin Nima ko Sabon Zango da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba yake da ruwa da tsaki a wannan magana.

Kafin a shiga batun barazana, ya kamata a bambance ƙuryoyin biyu, domin bambancinsu ne ya haifar da bambancin dokokin da ke kula da su. A ƙuryar arewa, wato Aktik, teku ne a tsakiya, ƙasashe kuma suka kewaye shi, kowacce da iyakarta da sojojinta da mutanenta, kuma akwai al'ummomi irin su Inuwit da Sami da suka shafe dubban shekaru suna rayuwa a can. A ƙuryar kudu kuwa, wato Antatika, nahiya ce a tsakiya wadda ƙanƙara ta lulluɓe, teku ya kewaye ta, kuma ba ta da 'yan asalin ƙasa ko ɗaya, sai masu bincike da ke zuwa su koma. Kare wurin da babu mai gida ya fi sauƙin tsarawa a takarda, amma ya fi wuyar sa wa ido. Kare wurin da masu gida suka yi yawa kuwa yana buƙatar kowannensu ya yarda ya rage wani abu daga nasa.

Babbar barazana ita ce zafi. Wani bincike da masana a ƙasar Finland suka fitar a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya baki ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farar ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken rana sama, ruwan teku kuwa mai duhu yana shanye shi, don haka duk inda ƙanƙara ta janye sai ruwan ya ƙara ɗumi, ɗumin ya ƙara narkar da wata ƙanƙarar, abin ya riƙa ciyar da kansa. Tauraron ɗan'adam yana auna faɗin ƙanƙarar da ke saman tekun tun 1979, kuma a watan Satumban 2012 ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, adadi mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. Kudu ta daɗe tana nuna kamar abin bai shafe ta ba, har wasu suna kafa hujja da ita, amma a Fabrairun 2023 ƙanƙarar saman tekun Antatika ta sauka ƙasa da murabba'in kilomita miliyan 1.8, wanda shi ma ba a taɓa auna irinsa ba.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware a nan. Ƙanƙarar da take yawo a saman teku, idan ta narke, ba ta ƙara tsayin ruwan da wani abin a-zo-a-gani, kamar yadda ƙanƙarar da aka jefa a kofin zoɓo ba ta sa shi ya zube idan ta narke. Wadda take tayar da teku ita ce ƙanƙarar da ke zaune a kan ƙasa, a Girinlan da Antatika da kan manyan duwatsu, tare da kumburin da ruwa yake yi idan ya ɗumama. Amma tekun ne yake cin ƙanƙarar ƙasa ta gindi. A yammacin Antatika akwai wani katafaren kogin ƙanƙara mai suna Thwaites, wanda ruwa mai ɗumi yake shiga ƙarƙashin bakinsa yana rarake shi, kuma shi kaɗai yana riƙe da ruwan da zai iya ɗaga teku da kimanin santimita 65. Ga wanda ya san yadda Chorkor da Glefe da Ada na gaɓar Ghana suke kwance dab da ruwa, wannan adadi ba ƙarami ba ne.

Tekun Kudu yana yi wa duniya wani aiki da ba a cika yaba masa ba. Daga cikin iskar kabon da tekunan duniya suke shanyewa, wadda motoci da masana'antu suke fitarwa, kimanin kashi 40 cikin 100 a can take shiga, kuma a can ne mafi yawan zafin da teku yake haɗiyewa yake nutsewa. Wannan hidima tana da farashi, domin iskar kabon idan ta narke a ruwa tana ƙara masa tsami, ruwan sanyi kuma ya fi na ɗumi shanye ta, sai ƙananan halittu masu ɓawo su riƙa shan wahalar gina ɓawonsu.

A ganina inda maganar ta fi fitowa fili shi ne batun wata 'yar halitta da ake kira kiril, mai kama da jatan lande, wadda tsawonta bai wuce santimita 6 ba. Tana tafiya garke-garke har ruwa ya koma ja, kuma kusan duk wani mai rai a Tekun Kudu a kanta ya dogara: tsuntsayen fengwin, da dabbobin ruwa masu kitse da ake kira sil, da kifaye, da manyan dabbobin teku masu shayarwa da ake kira wel. 'Ya'yan kiril suna yin hunturu ne a ƙarƙashin ƙanƙarar saman teku, suna kankarar gansakukar da ke manne a jikinta suna ci, don haka raguwar ƙanƙara raguwar gidan renonsu ce. A daidai wannan lokaci ne kuma jiragen kamun kifi na Norway da Sin da Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe suke ƙara ƙaimi wajen kwasarta. Wasu daga cikin jiragen ba sa ma ɗago koma daga ruwa, sai dai su saka mesa a ƙarshenta su riƙa zuƙo kiril dare da rana zuwa cikin jirgi, inda ake sarrafa ta nan take. Mafi yawanta ba cikin tukunyar talaka take zuwa ba, ana mayar da ita abincin kifin da ake kiwo a gonaki, da ƙwayoyin mai da ake sayarwa a kantunan magani a matsayin ƙarin lafiya. Matsalar kuma ba yawan abin da ake kamawa ba ce kaɗai, har da inda ake kama shi, domin jiragen suna taruwa ne a kusa da zirin Antatika, doguwar ƙasar da ta miƙo daga nahiyar zuwa wajen Kudancin Amurka, da tsibiran da ke kewaye, wato daidai wuraren da fengwin suke nemo wa 'ya'yansu abinci.

Wannan ya taɓo mu ta wata hanya da ba kowa ya sani ba. Wani nau'in wel mai doro yana cin kiril a Tekun Kudu lokacin bazarar can, sannan ya yi tafiyar dubban kilomitoci zuwa ruwa mai ɗumi na Mashigin Gini domin haihuwa, kuma masunta a gaɓar Ghana da Togo da Benin suna ganinsu a watannin da suka biyo bayan Yuli. Tarihin waɗannan dabbobi shi ne gargaɗin farko da Tekun Kudu ya yi wa duniya. Daga 1904, lokacin da aka kafa tashar farautarsu a tsibirin Jojiya ta Kudu, zuwa ƙarshen ƙarnin, an kashe kimanin miliyan 2 a kudancin duniya, har shuɗin wel na Antatika, dabba mafi girma a duniya, ya ragu zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na adadinsa na da. Hukumar kula da farautar wel ta duniya ba ta dakatar da farautar kasuwanci ba sai a 1986, lokacin da abin kamawar ma ya kusan ƙarewa.

Tsuntsayen fengwin mafi girma, waɗanda suke ƙyanƙyasa a kan ƙanƙarar teku, sun nuna yadda abin yake idan ya zo. A ƙarshen 2022, a yankin tekun Bellingshausen, ƙanƙara ta farfashe tun kafin 'yan tsakin su fitar da gashin da ruwa ba ya ratsawa, kuma masu bincike na Birtaniya sun gano ta hotunan tauraron ɗan'adam cewa a mazaunai huɗu daga cikin biyar babu alamar ɗan tsako da ya tsira.

A arewa kuwa janyewar ƙanƙara ta buɗe ƙofar kasuwa. Hanyar jiragen ruwa da ta bi ta gaɓar Rasha tana rage nisan tafiya tsakanin gabashin Asiya da arewacin Turai da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da bi ta mashigin Suez, kuma hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta a 2008 cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na man fetur da kashi 30 cikin 100 na iskar gas da ba a gano ba tukuna a duniya suna yankin Aktik. Malalar mai a irin wannan wuri bala'i ne na daban, domin sanyi yana hana man ruɓewa, duhun hunturu yana ɗaukar watanni, tashoshin agaji kuma suna da nisa. A Mayun 2020 wani rumbun ajiya ya fashe kusa da birnin Norilsk na Rasha, tan kusan 21,000 na man dizal ya malala cikin koguna da ƙasa. Ga kuma baƙin hayaƙin da jirage masu ƙona baƙin mai, wato man jirgin ruwa mai kauri, suke fitarwa, wanda yake sauka a kan ƙanƙara ya dusashe farinta, ta ƙara saurin narkewa.

Akwai kuma dattin da iska da igiyar ruwa suke kai wa can daga nesa, kuma a nan hannunmu ba a wanke yake ba. Haƙar zinariya ta ƙananan masu haƙa ita ce kan gaba a duniya wajen sakin zaiba cikin iska. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake aikin galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a bakin kogin Offin ko Pra ya san yadda ake cuɗa zaiba da garin dutse ta kama zinariya, sannan a ɗora dunƙulen a wuta, zaibar ta tashi ta bar zinariyar. Wanda ya fara shaƙar tururin shi ne yaron da ke tsugune a gaban wutar, amma zaiba tana iya yin watanni a sama tana zagaya duniya, kuma wani kaso nata yana sauka a yankunan sanyi, ya shiga jikin kifi, daga kifi zuwa sil, daga sil zuwa mutanen Inuwit da wannan nama ne abincinsu na gado. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Ghana take cikinta, domin wannan matsala aka ƙulla ta.

To, me duniya ta yi? Mataki na farko, kuma mafi ban mamaki, shi ne Yarjejeniyar Antatika da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a birnin Washington ranar 1 ga Disamban 1959, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka da Tarayyar Sobiyet duk suna ciki. Ƙasashe bakwai suna da'awar mallakar sassan nahiyar, amma yarjejeniyar ta jingine da'awar kowa, ta hana ayyukan soja da gwajin nukiliya, ta keɓe wurin domin zaman lafiya da bincike. A 1988 an kammala wata yarjejeniya da za ta tsara haƙar ma'adinai a can, sai Ostireliya da Faransa suka juya mata baya, maganar ta wargaje, aka maye gurbinta da ƙa'idar Madrid ta 1991, wadda ta haramta haƙar ma'adinai ɗungurungum, ta kuma fara aiki a 1998.

Kifi da kiril kuwa an ba su hukuma ta daban, wato CCAMLR, wadda aka kafa da yarjejeniyar Canberra ta 1980, mai hedikwata a Hobart ta Ostireliya, kuma a yau tana da ƙasashe 26 tare da Tarayyar Turai. Tsarinta yana da kyau a rubuce, domin ya wajabta a duba lafiyar dukan halittun da suka dogara da abin da ake kamawa. Babbar nasararta ita ce keɓe tekun Ross a 2016, yanki mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.55, wato ya ninka Ghana fiye da sau shida, inda aka hana kamun kifi na kasuwanci a mafi yawansa. Amma sai da aka kai ruwa rana shekara da shekaru kafin Sin da Rasha su amince, kuma farashin amincewar shi ne a sa wa kariyar wa'adin shekara 35. Tun daga nan ba a sake keɓe wani yanki ba. Shawarwari uku, na gabashin Antatika da tekun Weddell da zirin Antatika, suna zuwa taron shekara-shekara suna komawa, saboda hukumar ba ta yanke hukunci sai kowa ya yarda, kuma Rasha da Sin suna hawa kujerar na-ƙi. A taron 2024 ma baya aka ci, domin dokar da ta tilasta a rarraba kamun kiril zuwa yankuna daban-daban ta ƙare ba a sabunta ta ba, kuma a Agustan 2025, karo na farko a tarihi, jiragen suka cike iyakar tan 620,000 da aka ƙayyade, aka rufe kamun kafin lokacinsa.

Arewa ba ta da yarjejeniya guda irin ta Antatika. Abin da take da shi shi ne Majalisar Aktik da aka kafa a Ottawa a 1996, mai ƙasashe takwas, wato Amurka da Kanada da Rasha da Norway da Danmak da Sweden da Finland da Iceland, tare da ƙungiyoyi shida na 'yan asalin yankin da suke zama a teburi ɗaya da gwamnatoci. Dandalin tuntuɓa ce, ba ta da ikon tilasta wa kowa, kuma da Rasha ta mamaye Yukiren a 2022 sauran ƙasashe bakwai suka dakatar da aiki da ita, alhali kusan rabin gaɓar tekun Aktik a hannun Rashar yake. Duk da haka a arewa ne aka yi wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. A Oktoban 2018, a garin Ilulissat na Girinlan, ɓangarori goma, ciki har da Amurka da Rasha da Sin da Japan da Tarayyar Turai, suka amince ba za a yi kamun kifi na kasuwanci ba a tsakiyar tekun Aktik, yanki mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 2.8, har na tsawon shekara 16 daga 2021, sai masana sun fara gano abin da ke cikin ruwan. An hana sana'ar ne tun kafin jirgi ko ɗaya ya fara ta.

Idan aka jera waɗannan abubuwa za a ga wani zare da ya ratsa su. Duk inda aka samu kariya mai ƙarfi, a 1959 da 1991 da 2018, an same ta ne a lokacin da babu kamfanin da ya zuba jari, babu ma'aikacin da zai rasa albashi, babu ministan da zai koma gida ya yi bayanin asara. Inda kuɗi ya riga ya shiga kuwa, sai tufka da warwara. Baƙin mai ya ishe mu misali: hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta haramta shi a tekun Antatika tun 2011, inda jirage ba su da yawa, amma a Aktik, inda ake hada-hadar mai da gas, haramcin bai fara ba sai 1 ga Yulin 2024, kuma an cika shi da rangwamen da zai bar jirage da dama su ci gaba da amfani da shi har 2029. Mu a Ghana ba baƙin wannan darasi ba ne, domin sai da kifin sadin ya yi ƙaranci, cinikin saiko, wato sayar wa masu kwale-kwale kifin manyan jirage a tsakiyar ruwa ba bisa ƙa'ida ba, ya yi kaka-gida a teku, sannan aka fara rufe kamun kifi na wata guda ga masu kwale-kwale, kuma duk wanda ya leƙa Jamestown a watan Yuli na shekarun da aka yi wannan rufewa ya ga kwale-kwale a jere a kan yashi ya san irin gunagunin da matakin ya jawo.

Sabon abin da ya shigo shi ne yarjejeniyar kare halittun tekun da ba ya ƙarƙashin kowace ƙasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Yunin 2023, ta kuma samu ƙasashe 60 da ake buƙata a Satumban 2025. Ta fi tsofaffin sassauci ta fuska ɗaya, domin idan an kasa samun yardar kowa ana iya keɓe yanki da ƙuri'ar kashi uku cikin huɗu. Amma an rubuta a cikinta cewa ba za ta yi wa hukumomin da suka riga ta katsalandan ba, don haka makomar kiril tana nan a Hobart. Sannan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu da ta isa ta hana ƙanƙara narkewa. Ana iya hana jirgi shiga tekun Ross, ba a iya hana ruwan ɗumi shiga. Wannan aiki yana wuyan yarjejeniyar Paris ta 2015, mai burin tsayar da ɗumamar duniya a kusa da digiri 1.5, kuma shekarar 2024 ita ce ta farko da matsakaicin zafinta ya haura wannan mizani.

Muryar Afirka a waɗannan zauruka ba ta da yawa, duk da cewa abin da nahiyar take fitarwa na iskar kabon bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Afirka ta Kudu tana cikin ƙasashe 12 na farko a Yarjejeniyar Antatika, ita da Namibiya kuma suna cikin hukumar Hobart, amma a Majalisar Aktik babu ƙasar Afirka ko da a kujerar 'yan kallo. Inda muke da ƙuri'a shi ne hukumar sufurin jiragen ruwa da tarukan yanayi da sabuwar yarjejeniyar teku, kuma ƙuri'ar tana da nauyi fiye da yadda ake zato, tunda Laberiya da ke yankinmu tana sahun gaba a duniya wajen yawan jiragen da ke ɗauke da tutarta. Jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Explorer da ya nutse a tekun Antatika a Nuwamban 2007 tutar Laberiya yake ɗauke da ita.

Akwai shekaru huɗu da ya kamata mai bibiyar wannan batu ya riƙe. A 2029 rangwamen baƙin mai zai ƙare a Aktik. A 2037 wa'adin farko na hana kamun kifi a tsakiyar tekun Aktik zai cika, kuma zai riƙa sabunta kansa shekara biyar-biyar matuƙar babu ɓangaren da ya ƙi. A 2052 kariyar tekun Ross za ta ƙare idan ba a sake samun yardar kowa ba. Ta 2048 ce aka fi yi wa mummunar fahimta, domin ana yawan cewa a shekarar ne haramcin haƙar ma'adinai a Antatika zai faɗi. Ƙa'idar Madrid ba ta da ranar ƙarewa. Abin da zai canza shi ne, daga wannan shekara kowace ƙasa mai ƙuri'a tana iya neman a kira taron sake duba ta, kuma ko an kira taron, ba za a ɗage haramcin ba sai an samu rinjayen da ƙa'idar ta gindaya, tare da wata doka mai ɗaure kowa da za ta tsara yadda haƙar za ta kasance.